Lambar Da Ta Gagari Rabawa, Mai Alƙaluma Fiye Da Miliyan 41

Ran 12 ga watan Oktoba na shekarar 2024, wata kwamfuta da ke birnin San Antoniyo cikin Jihar Teksas ta Amurka ta kammala wani dogon lissafi, amsar da ta fitar kuwa ita ce sifiri. Wannan sifiri shi ne ya tabbatar wa masana lissafi na duniya cewa an sami wata sabuwar lamba wadda babu abin da zai raba ta daidai ba saura, in ban da ɗaya da ita kanta. Lambar tana da alƙaluma 41,024,320, ta fara da 881, ta ƙare da 551. Ranar da aka ba da sanarwarta, watau 21 ga watan, ita ce mafi girma a cikin irinta da ɗan Adam ya taɓa sani.

Girman wannan lamba ya wuce yadda hankali zai ɗauka farat ɗaya. In da mutum zai zauna ya riƙa faɗin alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci, ba ci, ba sha, sai ya yi kwana 475 kafin ya kai ƙarshenta. In kuwa bugawa za a yi a littafi, kowane shafi ya ɗauki alƙaluma 3,000, to, sai an ci shafi 13,675.

Duk wanda ya ji wannan labari yakan yi tambaya biyu. Ta farko, yaya aka yi aka tabbata babu abin da ke raba lambar da ba wanda ya taɓa karanta ta har ƙarshe? Ta biyu, ina amfanin wannan wahala? Amsar ta farko tana da tarihin da ya haura shekara dubu biyu. Amsar ta biyu kuwa ta shafi kuɗin duk wani mai ajiya a banki.

Mece Ce Lamba Gagara-Raba?

A ɗauki goro 12. Ana iya raba shi daidai tsakanin mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, kowa ya tashi da rabonsa ba gardama. Amma in goron 13 ne, ko mutum nawa aka tara daga biyu zuwa goma sha biyu, sai an sami saura, ko kuwa a fasa goro. Hanya biyu kaɗai ke akwai: mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya. Irin wannan lamba ita Turawa ke kira firam, ana kuma iya kiranta gagara-raba. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23 da 29. Ba a sa ɗaya a cikinsu, biyu kuma ita kaɗai ce cika a cikinsu, sauran duka mara ne.

Malaman rabon gado ba baƙi ba ne ga wannan magana. Idan suna gyara mas'ala sukan duba dangantakar lambobi biyu, ko daidai suke, ko ɗaya ta shiga cikin ɗaya, ko akwai wata lamba da ke raba su duka, ko kuwa babu, wanda suke kira tabayuni. To, lamba gagara-raba ita ce wadda ke da tabayuni da kowace lamba da ke ƙasa da ita.

Darajar waɗannan lambobi ita ce, su ne tubalin da aka gina sauran lambobi da su. Misali 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, kuma duk yadda aka juya ta ba za a sami wasu tubala dabam ba. Haka kowace lamba take, komai girmanta. Sai dai yayin da ake hawa sama, gagara-raba sukan riƙa ƙaranci. Akwai 25 a ƙasa da ɗari, da 168 a ƙasa da dubu, da 78,498 a ƙasa da miliyan ɗaya. Watau a ɗarin farko ɗaya cikin huɗu ce, amma a miliyan ɗin farko ba su kai takwas cikin ɗari ba.

Ba Su Da Iyaka

Ganin yadda suke ƙaranci, mutum zai zaci wata rana za su ƙare. Wani malamin lissafi mai suna Uƙlidis, wanda ya zauna a birnin Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya kashe wannan zato. Littafinsa ya shahara ƙwarai, har aka fassara shi da Larabci a Bagadaza zamanin Halifa Haruna Rashid, daga baya ya isa makarantun Turai.

Hujjarsa gajeriya ce. A ce wani ya zo da jerin lambobi ya yi da'awar su ke nan gagara-raba duka. Sai a riɓanya su da juna gaba ɗaya, sa'an nan a ƙara ɗaya a kan abin da aka samu. Wannan sabuwar lamba, kowace daga cikin jerin aka raba ta da ita, sai ɗayan nan da aka ƙara ya yi saura. Ke nan ko dai ita kanta gagara-raba ce, ko kuwa akwai wata gagara-raba a wajen jerin da ke raba ta. Misali, 2 sau 3 sau 5 a ƙara ɗaya ya ba da 31, wadda gagara-raba ce. In aka ci gaba har zuwa 13, sai a sami 30,031, wadda 59 da 509 ke raba ta, su kuwa ba su cikin jerin. Ko ta wace hanya, mai da'awa ya faɗi.

Sabili da haka babu wata lamba da za a ce ita ce gagara-raba ta ƙarshe. Wadda aka samu a 2024 ita ce mafi girma da aka sani a lokacin, amma tun zamanin Uƙlidis an san akwai waɗanda suka fi ta, ba adadi. Wuyar aikin ita ce a nuna ɗaya da yatsa a ce ga ta.

A Ninka, A Debe Ɗaya

Sabuwar lambar tana da wata siffa mai sauƙin faɗi. A fara da ɗaya, a ninka shi ya zama 2, a sake ninkawa ya zama 4, sai 8, sai 16, sai 32. An yi ninki biyar ke nan. A debe ɗaya, saura 31. To, a yi irin wannan ninki sau 136,279,841, sa'an nan a debe ɗaya. Abin da ya rage shi ne lambar da ake magana.

Ƙarfin ninki sananne ne tun da. Ibn Khallikan ya kawo labarin wani mai hikima na ƙasar Hindu wanda ya ƙago wasan shatranji, wani irin dara mai gida 64. Da sarki ya ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, haka har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, sai da ma'aji ya yi lissafi aka ga duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba, domin jimlar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Wannan ninki 64 ne kawai aka debe ɗaya, alƙalumansa 20. Sai mai karatu ya kwatanta da ninki fiye da miliyan 136.

Jimlar hatsin nan ba gagara-raba ba ce, domin 3 da 5 da 17 duk suna raba ta. Akwai dalili. Muddin yawan ninkin da aka yi yana rabuwa, to, abin da aka samu ma zai rabu. Ninki shida a debe ɗaya ya ba da 63. Da yake 2 da 3 suna raba 6, sai ga shi 3, watau sakamakon ninki biyu, da 7, sakamakon ninki uku, duk suna raba 63. Don haka mai nema ba ya ɓata lokacinsa sai a inda yawan ninkin shi kansa gagara-raba ne. Ninki 2, 3, 5 da 7 sun ba da 3, 7, 31 da 127, dukansu kuwa gagara-raba ne, har mutanen da suka ɗauka abin haka zai ci gaba. Ashe ba haka ba ne. Ninki 11 ya ba da 2,047, ita kuwa 23 sau 89 ce. Sharaɗin wajibi ne, amma bai isa ba shi kaɗai.

Jerin Mersenne Da Kurakuransa

Ana kiran waɗannan lambobi da sunan Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista ɗan ƙasar Faransa, wanda ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Ɗakinsa a birnin Faris ya zama matattarar masana, yana kuma musayar wasiƙu da manyan malaman Turai na zamaninsa. A 1644 ya buga jeri, ya ce daga ninki 2 zuwa 257, waɗanda ke ba da gagara-raba su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba, kuma a zamanin babu mai iya gwada manyan cikinsu.

Sai da aka yi wajen shekara 300 kafin a gama tantance jerin. A 1772 Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, ya tabbatar da ninki 31, watau 2,147,483,647, alhali kuwa a lokacin idanunsa sun riga sun tafi. A 1876 wani Bafaranshe, Edouard Lucas, ya tabbatar da ninki 127, lamba mai alƙaluma 39, da hannu kawai ba na'ura. Wannan lamba ta riƙe kambi har shekara 75, kuma har yau ita ce gagara-raba mafi girma da aka tabbatar ta hanyar lissafin hannu zalla.

Daga ƙarshe aka ga Mersenne ya yi kuskure biyar. Ya sa 67 da 257 alhali suna rabuwa, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107 alhali sun cancanta. Labarin 67 shi ne ya fi shahara. Lucas ya nuna tana rabuwa, amma bai iya faɗin abin da ke raba ta ba. A watan Oktoba na 1903, wajen taron masana lissafi a birnin New York, Farfesa Frank Nelson Cole ya tashi ya nufi allo. An ruwaito cewa bai ce uffan ba. Ya yi ninki 67 ya debe ɗaya a gefe guda, ya sami 147,573,952,589,676,412,927. Ya koma ɗaya gefen ya riɓanya 193,707,721 da 761,838,257,287, amsa ta fito daidai da ta farko. Ya koma ya zauna, jama'a suka ɗauki tafi. An ce da aka tambaye shi daga baya, sai ya ce aikin ya ci masa ranakun Lahadi na shekara uku. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse.

Abin lura a nan shi ne, masu ilmin lissafi ba su karɓi maganar Mersenne don girmansa ba. Inda ya yi daidai sai da aka kawo hujja, inda ya kauce kuma aka gyara.

Yadda Ake Tabbatarwa

Hanyar da yaro ke bi a makaranta ita ce ya yi ta gwada rabawa da 2, da 3, da 5, har ya ga ko akwai wadda ta shiga. Wannan tana yi ga ƙananan lambobi. Amma ga lamba mai alƙaluma miliyan 41, yawan lambobin da za a gwada shi kansa adadi ne mai alƙaluma fiye da miliyan 20. Masana kimiyya sun ƙiyasta cewa dukan ƙwayoyin zarra da ke cikin sammai da taurarin da ake iya hange, adadinsu bai wuce alƙaluma 80 da 'yan kai ba. Ke nan ko an tara kwamfutocin duniya duka, wannan hanya ba ta ɓullewa.

Dabarar da ta ɓulle ita ce wadda Lucas ya ƙago, wani Ba'amurke mai suna Derrick Lehmer ya kyautata ta wajen 1930. Ga yadda take. A fara da 4. A riɓanya ta da kanta, a debe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura kawai. Wannan saura shi za a sake riɓanyawa da kansa, a debe 2, a raba, a riƙe saura. Za a maimaita haka sau yawan ninkin, ban da biyu. In sauran ƙarshe sifiri ne, lambar gagara-raba ce. In ba sifiri ba ne, tana rabuwa.

A gwada da 31, wadda ninki biyar ce, watau zagaye uku za a yi. Huɗu sau huɗu 16, a debe 2, saura 14. Sha huɗu sau sha huɗu 196, a debe 2 ya zama 194, a raba da 31, saura 8. Takwas sau takwas 64, a debe 2 ya zama 62, a raba da 31, saura sifiri. An tabbata ke nan. In kuwa 2,047 aka gwada, bayan zagaye tara sauran da zai fito shi ne 1,736, wanda ya tona asirinta, ko da yake bai faɗi cewa 23 da 89 ne ke raba ta ba.

Wannan gwaji ba kintace ba ne. An kafa masa hujja kamar yadda Uƙlidis ya kafa tasa, cewa ba zai taɓa yin ƙarya ba ga kowace lamba mai wannan siffa. Shi ne kwamfutar San Antoniyo ta yi, zagaye 136,279,839, kowane zagaye tana riɓanya lamba mai alƙaluma miliyoyi da kanta. Domin kada a ce na'ura ce ta yi tuntuɓe, sai da aka maimaita lissafin a kan wasu na'urori dabam da wasu manhajoji dabam kafin a ba da sanarwa, duka kuwa suka dawo da sifiri. Gwajin yana aiki ne ga lambobin Mersenne kaɗai, shi ya sa yawancin gagara-raba mafi girma da aka sani 'yan gidan Mersenne ne. Akwai wani sauƙi kuma. Kwamfuta da alƙaluma biyu take ƙirga, sifiri da ɗaya, a irin wannan rubutu kuwa sabuwar lambar ba komai ba ce illa ɗaya da aka jera sau 136,279,841.

Zamanin Kwamfuta

Shigowar kwamfuta ta sauya tafiyar neman. A 1952 Raphael Robinson ya yi amfani da wata kwamfuta mai suna SWAC a birnin Los Anjelas, ya samo sababbi biyar cikin shekara guda, watau ninki 521, 607, 1,279, 2,203 da 2,281. A 1963 aka sami ninki 11,213 a Jami'ar Illinois, murna ta sa sashen lissafi na jami'ar ya riƙa buga labarin a hatimin wasiƙunsa. A 1978 wasu 'yan makarantar sakandare biyu a Kalifoniya, Laura Nickel da Landon Curt Noll, suka samo ninki 21,701, lamba mai alƙaluma 6,533.

A 1996 wani masanin kwamfuta, George Woltman, ya kafa wani shiri na gayya mai suna GIMPS. Ya rubuta manhaja ya ba da ita kyauta ta intanet, duk mai so ya sa a kwamfutarsa, a ba shi lamba ɗaya ya gwada, in ya gama ya mayar da sakamako a ba shi wata. Daga ƙarshen 1996 zuwa 2024 wannan gayya ta samo lambobin Mersenne 18, kuma ba wanda ya sami wata a wajenta cikin waɗannan shekaru. A watan Disamba na 2018 kwamfutar Patrick Laroche, mutumin Jihar Fulorida, ta samo ninki 82,589,933, mai alƙaluma 24,862,048. Daga nan aka yi shiru kusan shekara shida.

Wanda ya katse shirun shi ne Luke Durant, ɗan shekara 36 a lokacin, mazaunin San Jose a Kalifoniya, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia. Maimakon kwamfutar gida, sai ya yi hayar dubban na'urori na irin waɗanda tun asali aka ƙera domin zana hotuna a kwamfuta, waɗanda ke iya yin lissafi masu yawa a lokaci guda. Na'urorin suna warwatse a ƙasashe 17, ya haɗa su suka yi aiki kamar ƙatuwar kwamfuta ɗaya har kusan shekara guda. Ran 11 ga Oktoba wata da ke Dublin, babban birnin Ailan, ta ba da alamar an dace, kashegari ta San Antoniyo ta tabbatar. Jaridun Amurka sun ce ya kashe wajen dala miliyan biyu na aljihunsa. Kyautar da GIMPS ke bayarwa kuwa dala 3,000 ce, ita ma ya ce zai ba da ita ga wata makarantar lissafi da kimiyya a Jihar Alabama. Lambarsa ita ce ta 52 da aka sani a gidan Mersenne, ta kuma ɗara wadda ta gada da alƙaluma fiye da miliyan 16.

Cikakkiyar Lamba

Kowace gagara-raba ta Mersenne tana tafe da wata 'yar rakiya. Mutanen da sun lura cewa lambobin da ke raba 6 su ne 1, 2 da 3, in an tara su kuwa sai su ba da 6 daidai. Haka 28, domin 1, 2, 4, 7 da 14 sun taru sun ba da 28. Irin wannan ita ake kira cikakkiyar lamba. Masu bi musu su ne 496 da 8,128.

Uƙlidis ya nuna yadda ake samunsu. A ɗauki gagara-raba ta Mersenne, a ƙara mata ɗaya, a raba biyu, a riɓanya abin da aka samu da ita. Misali 7, a ƙara ɗaya 8, rabinsa 4, huɗu sau bakwai 28. Haka 31 sau 16 ya ba da 496. Bayan shekara dubu biyu Euler ya tabbatar cewa duk wata cikakkiyar lamba da biyu ke rabawa ta wannan hanya take fitowa, ba wata. Saboda haka ranar da Durant ya sami lambarsa, duniya ta sami cikakkiyar lamba ta 52, mai alƙaluma 82,048,640.

Ina Amfaninta?

Gaskiyar magana, lambar Durant ba ta noma, ba ta magani, ba ta kuma kulle komai a yau. Masu cewa dala miliyan biyu da ta fi amfani a wani wuri suna da abin faɗi. Amma tarihin wannan fanni ya koya wa masana su yi hattara da kiran wani ilmi marar amfani.

A 1940 wani babban malamin lissafi na Jami'ar Kambirij a Ingila, G. H. Hardy, ya rubuta yana mai farin ciki cewa ba wanda ya gano wata hanya da ilmin lambobi zai yi wa yaƙi aiki, kuma ba ya zaton za a gano nan kusa. Shekara 33 bayan haka, a 1973, wani matashi mai suna Clifford Cocks da ke aiki a hukumar asirin sadarwa ta Ingila ya gano yadda za a kulle saƙo da lambobi gagara-raba. Gwamnati ta ɓoye abin har 1997. A 1977 wasu masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka gano hanyar da kansu suka bayyana ta, ake kiranta RSA da haruffan farko na sunayensu.

Sirrin dabarar shi ne abin da ya wahalar da Cole. Riɓanya lambobi biyu abu ne mai sauƙi, ya yi shi a gaban allo cikin zama ɗaya. Amma gano lambobin daga amsarsu ya ci masa shekaru. A tsarin RSA ana zaɓen gagara-raba biyu, kowace mai alƙaluma wajen 300, a riɓanya su, a bayyana amsar ga kowa ta zama kwado, su kuwa biyun a ɓoye su su zama mabuɗi. A 2020 wasu masana suka fasa irin wannan kwado mai alƙaluma 250, aikin da in da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ce za ta yi shi sai ta shekara wajen 2,700. Kwadon da aka saba amfani da shi yana da alƙaluma 617. Ɗan ƙarfen nan da ke jikin katin cirar kuɗi, wanda ɗan kasuwa a Kano ko Legas ko Anacha ke sakawa a na'ura, da irin wannan lissafi yake nuna cewa shi ba jabu ba ne.

Lambobin Mersenne su kansu sun shiga aiki. Ninki 521 da Robinson ya samo a 1952, lokacin da ba wanda ya san abin da za a yi da ita, yanzu tana cikin ɗaya daga ma'aunan kulle saƙo da hukumar ma'auni ta Amurka ta amince da su. A 1997 wasu masana biyu na Japan suka gina wata hanyar fitar da lambobin ƙuri'a a kwamfuta bisa ninki 19,937, ana kuwa amfani da ita a manhajoji masu yawa. Har ila yau neman gagara-raba yakan tona aibin na'ura. A 1994 Farfesa Thomas Nicely na Jihar Bajiniya yana bincike a kansu ya gano cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium tana kuskure wajen rabawa, musanya ta kuwa ta ci wa kamfanin Intel dala miliyan 475.

Akwai kuma abin tsoro a gaba. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa wata irin kwamfuta da ake kira kwantam, in an iya ƙera babba, za ta warware kwadon RSA cikin sauƙi. Wannan ya sa a 2024 hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da sababbin hanyoyin kulle saƙo waɗanda ba su dogara ga wuyar rabawa ba. Su ma daga hannun masu ilmin lissafi suka fito.

Abin Da Ya Rage

Duk da wannan ci gaba, tambayoyi masu sauƙin faɗi suna nan ba amsa. An san gagara-raba ba su da iyaka, amma ba wanda ya tabbatar ko na gidan Mersenne su ma haka suke. Ba a taɓa ganin cikakkiyar lamba wadda take mara ba, ba a kuma tabbatar babu ita ba, ko da yake an fi shekara dubu biyu ana tambaya. Lokacin sanarwar 2024 ma ba a gama gwada dukan lambobin da ke tsakanin ta Laroche da ta Durant ba, don haka ba a ce ita ce ta 52 a jere ba, an dai ce ta 52 da aka sani. Wata ƙungiya ta Amurka mai suna Electronic Frontier Foundation, wadda ta biya dala 100,000 saboda lambar da aka samu a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjelas a 2008, ta yi alkawarin dala 150,000 ga wanda ya fara samo gagara-raba mai alƙaluma miliyan 100.

Kuɗi da na'ura su suka kai Durant inda ya kai, amma hujjar da ya tsaya a kanta ba ta fi ƙarfin ɗan makaranta mai fensir da takarda ba. Mai karatun da ke son ya gani da idonsa sai ya ɗauki 127, wadda ninki bakwai ce, ya fara da 4, ya yi zagaye biyar kamar yadda aka bayyana. In bai yi kuskure ba zai sami 14, sai 67, sai 42, sai 111, sa'an nan sifiri, irin sifirin da kwamfutar San Antoniyo ta fitar.